Takwaran Ɗan Malam Haladu

Ku matso kusa, yau na zo muku da abin musu.

A wata jiha akwai wani malami, Malam Haladu, shugaban sashen koyar da jima a kwalejin kimiyya da fasaha. Mutum ne mai son aikinsa, har matarsa kan ce warin majema ya fi masa turare daɗi. Kwatsam sai hukumar da ke kula da manyan makarantun jihar ta ce za ta rufe sashen, domin ba ta yarda makarantu biyu su riƙa koyar da abu ɗaya ba, ga shi kuwa kwalejin garin gaba tana koyar da dukanci. Hankalin Malam Haladu ya tashi ƙwarai. In an rufe, aikinsa ya tafi, ɗalibansa kuma sun watse karatu bai ƙare ba.

Yana da aminai uku. Na farko Tukur, jami'i a hukumar, ɗan gidan dukawa ne. Ranar zaman yanke hukunci ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, jima daban, dukanci daban. Majemi shi ke gyara fata da toka da bagaruwa, baduku kuwa ɗinka ta yake yi. In muka rufe wannan, waɗancan me za su ɗinka?" Aka yi dariya, shugaban hukumar ya ce an fasa, amma da sharaɗi biyu: a samo malami mai babban digiri, a kuma samo wurin koyon aiki kafin masu duba makarantu su zo.

Na biyu Dokta Zubairu, masanin sinadarai a jami'ar jihar. Yana da ofishinsa mai sanyi da ɗalibai masu tsabtar riga, amma ya je da ƙafarsa ya roƙi hukumar ta ba da aronsa ga kwalejin. Aka ba da shi, ya koma cikin ƙuda da wari yana koyarwa, bai taɓa yamutsa fuska ba.

Na uku Mamuda, Sarkin Jiman garin. Majemarsa gadon kakanni ce, kuma a al'adarsu ba a nuna wa bare yadda ake haɗa ruwan jima. Dattawan gidan suka yi ta faɗa, har wasu suka daina gaishe shi. Duk da haka ya buɗe ƙofa, ɗalibai suka shiga suka tsoma hannu. Da masu dubawa suka zo, sun toshe hanci, amma sun gamsu, sashen ya tsira.

Malam Haladu ya yi murna har da hawaye. Ana cikin haka matarsa ta haifi ɗa namiji, ya rantse zai yi wa wanda ya cece shi takwara. Sai dai yaro ɗaya ne, suna kuma ɗaya ake raɗawa. Da Tukur bai yi magana ba, da an rufe tun a teburi. Da Zubairu bai zo ba, da sharaɗi bai cika ba. Da Mamuda ya bi dattawansa, da masu dubawa sun koma da mummunan labari.

Ga rago a ɗaure, ga liman ya zauna yana jiran a raɗa masa suna a kunne. To, ku da kuka ji, sunan wa ya kamata Malam Haladu ya faɗa?