Shari'ar Zabuwar Tabawa

An ce wai a wani gari na fatake an yi wani madugu mai suna Nomau, wanda Allah ya ba dukiya mai yawa da 'ya guda ɗaya, Tabawa. Wata shekara ya dawo daga kurmi da wata shuka a kasko, wadda mutanen can ke kira begoniya. Ganyenta dogo ne, kore shar, da ɗige-ɗigen fari kamar an yayyafa azurfa, bayansa kuma ja. Tabawa ta sa mata suna Zabuwa. Ta ajiye ta a ɗaki kusa da taga, inda haske ke shiga amma rana ba ta dukanta, kuma ba ta ba ta ruwa sai ta tsoma yatsa ta ji ƙasar ta bushe.

Da damina ta tsaya, zazzaɓi ya kwantar da Tabawa, bai tashe ta ba.

Nomau ya daina fita fatauci. Ya mai da kaskon cikin turakarsa, ya zauna yana kallonsa kamar mai jiran a yi masa magana. Kula da shukar kuwa ya ɗora wa ƙanwarsa Yalwa, wadda mijinta ya rasu, ba ta da inda za ta sai gidan yayanta.

Ba a jima ba ganyen ya fara rawaya, yana zuba ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya faɗi, Nomau sai ya ji kamar an sake fita da makara daga gidansa. Ranar da ya ga saura reshe ɗaya, ya rufe Yalwa da faɗa, ya ce ta bar abin 'yarsa ya mutu da ƙishirwa, ya rantse sai ta bar masa gida.

Yalwa ta ce, "Yaya, in na fita ina na nufa? Mu je gaban alƙali, in ya ce ni ce, zan tafi."

Alƙali Badamasi tsoho ne mai jinkirin magana. Ya sa aka kawo shukar da dukan mutanen gidan. Ya taɓa ƙasar, ya sunsuna yatsansa, sannan ya sa aka ajiye wani kasko irin wancan a gaban Nomau, cike da busasshiyar ƙasa.

Ya ce, "Duk wanda ya taɓa ba ta ruwa, ya zuba a nan gwargwadon abin da yake ba ta a yini. Wanda bai zuba ba, shi zan tuhuma."

Yalwa ta zuba moɗa guda, ta ce da safe take yi. Matar Nomau ta matso, idonta a ƙasa, ta ce ita ma takan zuba in ya fita masallaci, don ba ta iya ganin halin da yake ciki. Mai yi musu girki ta zuba nata. Tsohon da ke gadin zaure ma ya ce yakan miƙa hannu ta taga da butarsa. Ƙasar ta jiƙe, ruwa ya kwanta a kanta.

Alƙali ya ce, "Saura kai, Madugu."

Nomau ya karɓi moɗar. Shi duk sanda ya ga ganye ya lanƙwashe yakan zuba, kuma ganyen kullum a lanƙwashe yake. Ya zuba, ya ƙara, ya ƙara, har ruwan ya malalo ya jiƙa masa ƙafa.

Alƙali ya tumɓuke shukar a hankali. Saiwar ta yi baƙi, ta ruɓe, tana wari.

Ya ce, "Madugu, ka kawo mini ƙarar wanda ya hana ta ruwa, na nema a gidanka ban same shi ba. In kuwa waɗanda suka ba ta zan kora, da kai zan fara, gidan kuma naka ne. Ka yi kaffarar rantsuwarka, ka bar 'yar'uwarka a ɗakinta. Wannan reshen da sauran rai. Ka yanke shi yau ka sa a ruwa mai tsabta, wataƙila ya yi saiwa."

Nomau ya koma gida da wuƙa a hannu, amma ya kasa. Karan da Tabawa ta shafa, yaya zai sa masa ƙarfe? Ya ce gobe. Gobe ta zo ya ce jibi. Ranar da ya daure ya yanka, ruɓar ta riga ta hau, reshen ya narke a yatsunsa.

Yalwa ce ta same shi zaune a gaban kaskon. Ta zauna a bakin ƙofa. Can ya ce, "Yalwa, ki yafe mini." Ta ce, "Na yafe, Yaya." Suka yi kukan da ba su yi ba ranar jana'iza.

Masu hankali suka ce: wanda baƙin ciki ya rufe wa ido yakan kashe abin da yake so da hannunsa, sannan ya fita neman mai laifi a cikin masu ƙaunarsa.