Ranar da Alhaji Ya'u Ya Ɓoye Kekuna

A unguwar Kwarbai, cikin birnin Zariya, akwai wani maɗinkin manyan riguna mai suna Alhaji Ya'u. Allah ya ba shi hannu, ya kuma ba shi kasuwa, don rigunansa har Abuja da Yamai ake kai su. Sai dai yana da wani hali guda, wato kukan babu. Ko ranar da ya cika mota da kaya ka tambaye shi ya kasuwa, sai ya langaɓe kai ya ce, "Kasuwa ai ta mutu, sai dai addu'a." Rabi tsoron bakin mutane ne, rabi tsoron 'yan haraji. Tun yana faɗa da gangan har abin ya bi jikinsa.

A zauren gidansa ake aikin, kuma zauren ya daɗe da yi musu kaɗan. Kekunan ɗinki da injunan surfani sun cushe, in mutum zai miƙe sai na kusa da shi ya ɗage gwiwa. Ga janareta a bakin ƙofa tana shan mai tana hana maƙwabta sakat. Wata rana Sagiru, babban ma'aikacinsa, wanda duk aiki mai wuya hannunsa yake bi, ya same shi bayan la'asar.

"Alhaji, ba raini ba ne, amma wurin nan ya gagara. An yi mini tayi a Kano, ga fili ga wuta. In ba a sami sauyi ba, bayan Sallah zan tafi, kuma ka san akwai masu bi na."

Maganar ta daki Alhaji Ya'u, domin ya san in Sagiru ya tafi da rabin ma'aikata, gidan ɗinkin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ginawa ya watse ke nan. Amma da ya buɗe baki sai ya ce, "To ni da me zan kama wuri, Sagiru? Kana ganin yadda kasuwa take." Sagiru kuwa shi ya ɗaure kayan Abuja da hannunsa a ranar. Sai ya koma kan kekensa.

Ana cikin haka sai gwamnatin jiha da ƙaramar hukuma suka gina wa masu sana'a wasu manyan shaguna a bayan ganuwa, da wutar sola dare da rana. Aka ce duk wanda sana'arsa ta fi ƙarfin wurinsa, kuma zai ƙara ɗaukar ma'aikata, za a ba shi shago ba haya, a kuma ɗage masa haraji na wasu shekaru, don kada masu sana'a su riƙa kwashe arzikin gari suna kaiwa wani wuri. An faɗa a rediyo, mai unguwa ya maimaita a ƙofar masallaci, ya ce jami'ai za su zagayo su gani da idonsu.

Kowa ya yi murna ban da Alhaji Ya'u. "Yaushe kura ta fara rabon nama?" in ji shi. "So suke su ƙirga mana kekuna, baɗi su dawo da takardar haraji. Ni ba yaro ba ne."

Ranar da za a zo Kwarbai, tun da hantsi ya sa aka yi wa mata gafara, ma'aikata suka yi ta jidar kekuna da injuna da rigunan da aka gama zuwa cikin gida. Dabararsa ita ce, duk isar ma'aikacin gwamnati, iyakarsa zaure, ba ya shiga wurin matan aure. Aka bar tsohon keken ƙafa guda ɗaya wanda ko zare ba ya ja. Ya sallami ma'aikata ya ce su je su sha iska, shi kuma ya zura wata koɗaɗɗiyar riga ya zauna yana jira. Matarsa Hajiya Tayyiba ta leƙo ta ga tsakar gidanta ya koma kasuwa, ta ce, "Alhaji, ranar wanka fa ba a ɓoyon cibi." Ya ce ta bar masa wannan, harkar maza ce.

Gab da azahar sai ga mai unguwa da baƙi. Maza biyu ne, da wata mata mai gilashi da fara'a, wadda mai unguwa ya ce ita ce shugabar tawagar, Hajiya Fauziyya. Alhaji Ya'u bai kawo komai a ransa ba. Ya shimfiɗa musu tabarma, ya gyara murya, ya shiga abin da ya fi gwaninta a kai. Ya ce ma'aikata sun gudu, masu saye sun ɗauke ƙafa, wannan keken kaɗai ya rage masa a duniya. Har da share ido da bakin riga.

"Allah Sarki," in ji Hajiya Fauziyya. "Mu kuwa sunanka aka fara ba mu. Shirin nan na waɗanda aiki ya yi wa yawa ne, Alhaji. Ka tabbata babu komai?"

"Ranki ya daɗe, ga zaure nan, idonki ya gane miki."

Sai aka kira salla. Maza suka miƙe za su masallaci, ita kuwa ta ɗauki jakarta ta ce, "Bari in shiga wajen 'yan'uwana mata in yi tawa."

Nan fa ido ya raina fata. Duk lissafin Alhaji Ya'u a kan maza ya yi shi, bai taɓa kawo cewa gwamnati za ta zo da mayafi ba. Kuma da wane baki zai hana baƙuwa shiga gida ta yi salla, a gaban mai unguwa? Yana ji yana gani ta yi sallama ta shige. A sallar nan dai gangar jikinsa ce kawai a sahu.

Da suka dawo, tun daga zaure yake jiyo dariyar mata. Can sai ga Hajiya Fauziyya ta fito, Hajiya Tayyiba na biye da ita ta tsaya daga bakin ƙofar ciki.

"Alhaji, da ƙyar na sami wurin shimfiɗa sallaya saboda kekuna. Na wa ne?"

Alhaji Ya'u ya shiga lissafi. In ya ce nasa ne, ya zama maƙaryaci a gaban mai unguwa, ga kuma harajin da yake gudu. Sai wata dabarar ta faɗo masa, ai gwamnati ba ta matsa wa mata.

"Na iyali ne," ya ce da sauri. "Na Hajiya ne duka. Ni ba ruwana."

"Da injunan surfanin, da rigunan?"

"Duka, ranki ya daɗe."

"Mai unguwa, ka ji?"

"Na ji, na kuma shaida," in ji mai unguwa, yana danne dariya.

Daga bakin ƙofa Hajiya Tayyiba ta ce, "To alhamdu lillahi. Yau dai Alhaji ya faɗa da bakinsa." Abin da mutanen zauren ba su sani ba shi ne, gonar gadonta ta sayar aka sayi injunan surfanin nan tun farko, kuma ita ke raba wa matan unguwa ɗinkin hannu ta karɓo ta duba. Shekara da shekaru Alhaji bai taɓa ambata wannan a gaban kowa ba. Garin shirga ƙarya sai ya yi tuntuɓe da gaskiyar da ya fi kowacce ɓoyewa.

Baƙi suka tafi, shi kuwa ya wuni yana yaba wa kansa wayo. Bayan 'yan makonni mai unguwa ya zo da albishir, an ba Hajiya Tayyiba shago mafi girma, na bakin titi, ba haya ba haraji. Ashe abin gaskiya ne! Alhaji Ya'u ya saka babbar rigarsa ta zuwa biki, ya garzaya ofis ya sami Hajiya Fauziyya, ya ce a yi haƙuri, kuskure aka yi, a gyara suna.

"Wane kuskure, Alhaji? Mai kaya ta nuna mini kayanta, ta faɗi ma'aikatan da za ta ƙara, kai kuma ka shaida a gaban mai unguwa. Ko kana so in rubuta cewa wancan bayanin naka ba gaskiya ba ne?"

Ya sunkuyar da kai don kunya. Daga ƙarshe ya ce, "A bar shi haka."

Ranar buɗe wuri ba a magana. Matan Kwarbai suka yi ta guɗa, aka yi addu'a, aka ci waina har aka bari. Sagiru ya kunna inji ya ji shi yana tafiya sumul ba hayaƙi ba ƙara, ya ce ko kyauta aka ba shi Kano ya fasa. Aka ɗauki sababbin ma'aikata, aka ware gefe guda na mata masu ɗinkin hannu. Alhaji Ya'u ya yi farin ciki ƙwarai, don gidan ɗinkin ya tsira. Abu ɗaya ne kawai in ya ɗaga kai yake sa shi haɗiyar yawu, wato ƙaton allon da ke saman ƙofa, mai ɗauke da sunan Hajiya Tayyiba. Ita kuwa ba ta taɓa yi masa gori ba, sai dai wani lokaci in za ta miƙa masa abinci takan ce, "Bismilla, manaja."

Wata rana wani baƙon attajiri ya tsaya da mota, ya yi ta juya riguna yana santi. Ya dubi Alhaji Ya'u, wanda ke tsaye da awo a wuya, ya ce, "Kai, matar nan ta iya riƙon sana'a. Malam, kai ma a wajenta kake aiki?"

Kekuna suka tsaya cak, kowa ya kasa kunne. Alhaji Ya'u ya buɗe baki, ya rufe, sannan dariya ta ƙwace masa.

"Ƙwarai kuwa," ya ce. "Ni ne babban yaronta."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, wanda Allah ya yi wa ni'ima ya gode, kada ya mai da kukan babu sana'a, domin baki shi ke yanka wuya. Taka-tsantsan abu ne mai kyau, amma zargin kowa da komai yakan sa mutum ya rufe ƙofa a fuskar alherin da ya zo nemansa. Idan hukuma ta fito da shirin tallafa wa sana'a, ka bincika, ka tambayi masu sani, sannan ka faɗi gaskiyar abin da kake da shi. Kuma kada ka ɓoye haƙƙin wanda ya tallafe ka, ko da a cikin gidanka yake. Alhaji Ya'u ya yi sa'a abin da ya suɓuce masa a hannun matarsa ya faɗa, ba kowa ke samun irin wannan sa'ar ba.