Gizo Ya Sha Wasiyya

Kai Tanimu, sauke ƙafa daga kan tabarmata. Ke Lantana, ba a tauna ina magana. Ku dai ba ku da kunya. To, ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wani tsohon Kunkuru ne ya kwanta ciwo damina guda. Ɗan ƙanensa Gizo, wanda shi ne magajinsa, ko leƙe bai yi ba. Maƙwabciyarsa Kurciya ce ke dama masa kunu. Da ya ga ciwon ba na tashi ba ne, ya sa Malam Hankaka ya rubuta masa wasiyya a allo, cewa kashi ɗaya cikin uku na gonar gyaɗarsa na Kurciya ne. Malam ya rubuta, ya tafi ci-rani.

Ranar jana'iza Gizo ya fi kowa kuka, yana kuka yana tura allon cikin riga.

Ya kai rumbu zai ɓoye, Ɓera ya tambaye shi ko allon wa ne. Ya kai rijiya, Kwaɗo ya ce shi fa bakinsa ba ya riƙe magana. Sai Gizo ya ɗebo ruwa a ƙwarya, ya wanke allon tas, ya shanye kamar rubutun magani. Ya shafa ciki ya ce, "To, a nemo."

Washegari ya buɗe baki zai gai da Bushiya, sai cikinsa ya ce da muryar Kunkuru, "Kashi ɗaya na Kurciya ne." Gizo ya ce gyatsa ce. Ya je kasuwa taya daddawa, ciki ya maimaita. Ya ce waken jiya ne.

Kurciya ta kai ƙara gaban alƙali Giwa. Gizo ya ɗaure ciki da rawani, ya ce zai amsa da ka kawai. Giwa ta ce, "Ɗan nan, ba a rantsuwa da ka. Buɗe baki." Yana buɗewa ciki ya karanto wasiyyar kaf, har da sunan Malam. Jama'a suka kwashe da dariya.

Ku ji da kyau: maganar mamaci amana ce, wanda ya ɓoye ta ɓarawo ne. Aka ba Kurciya kasonta, aka yi wa Gizo bulala takwas, kowace ƙafa ɗaya, aka kuma sa shi nome mata gonar damina uku.

Ƙungurus kan ɗan kusu.