Sarkin da Aka Tsinta a Juji

An yi wani sarki a ƙasar Gwaranyo mai suna Zubairu, wanda tun yana yaro aka kai shi gabas neman ilimi, bai dawo ba sai da gadon ubansa ya kira shi. Wata rana tsohuwar jakadiyar gidan, Iya Tabawa, ta zo gaisuwa, tsufa ya kwance mata baki ta ce, "Ajuji, ashe za ka girma haka? Ni na tsince ka a juji." 

Sarki ya aika a kira Waziri Tunau, mutum mai son rawaninsa kamar ransa, wanda aka taso daga kan akushi, ya iso yana ƙunƙuni wai a garin nan ba a barin mai hikima ya ƙoshi.

Sarki ya ce, "Waziri, in tsintacce ne ni, yau zan sauka daga gadon da ba nawa ba. In ƙarya ta yi, ta bar ƙasata. Faɗi gaskiya, ko rawaninka ya raka ta."

Waziri ya dafe rawani ya ce, "Allah ya ja zamaninka, yayyenka maza nawa ne?"

"Huɗu. Ba wanda ya kai yaye."

"To ai ka yanke shari'ar da kanka, ni wahalar tafiya kawai aka ba ni. Mahaifiyarka wabi ta yi ta yi. Mutanen da, in mace ta gaji da binne 'ya'ya, sai a ɗauki jaririn a kwantar a juji kamar ba a so, wai mutuwa ta raina shi ta wuce, sa'an nan wata tsohuwa ta ɗauko a ce tsintuwa ce. Rayawa ta Allah ce, amma sunan ke nan. Ranka ya daɗe, ba a kiran ɗan da aka yar Ajuji, sai wanda aka ji tsoron rasawa."

Sarki ya sauke numfashi, ya taso daga karaga ya durƙusa gaban tsohuwar ya ce, "Iya, yafe mini." Ya ba ta gida, ya sa wa Waziri alkyabba. Waziri ya shafa ta ya ce ta yi kyau ƙwarai, sai dai tuwonsa ya huce.

Masu hikima sun ce, farkon adalci shi ne a tambayi asalin magana kafin a zare takobi.