Birkin Kalibu da Gangaren Gella

Akwai wani manomi mai suna Kalibu da ke zaune a wani ƙauye a kan tudu, sama da Gella. Yana da keken hawan dutse da ya daɗe yana hawa, mai birkin roba, irin wanda robobi biyu ke matse gefen wili idan an ja hannu. Da kansa yake gyara shi, kuma yana alfahari da hakan.

Maƙwabcinsa Abbagana ɗan Borno ne, yana da shagon tireda a ƙauyen. Shi ma da keke yake sauka ɗauko kaya, amma nasa mai birkin faifai ne, wato farantin ƙarfe a tsakiyar wili, nesa da taɓon hanya.

Kullum suka zauna a ƙofar shago sai Kalibu ya tayar da zancen.

"Wannan faifan naka kayan yara ne, Malam Abba. Ni in robata ta cinye, ko a kasuwar ƙauye zan samu. Kai fa?"

Yana da gaskiyarsa. An taɓa yin lokacin da birkin Abbagana ya cinye, keken ya yi kwanaki a jingine kafin a samo masa kayan gyara daga Mubi. Kalibu bai bar shi ya huta da dariya ba.

Abbagana ba mai son musu ba ne. Abin da yake cewa kawai shi ne, "Da rani naka ya isa, Baban Dibora. Damina ce matsalar. Idan wili ya jiƙe ya kwashi taɓo, roba ba ta kamawa."

"Hannun mai keke ne birki," in ji Kalibu.

Dibora ita ce babbar 'yarsa, kuma a shekarar take rubuta jarrabawar kammala sakandare a Mubi. Ranar da za su yi lissafi aka wayi gari da ruwan sama. Masu babur suka ƙi hawowa tudun. Ya zama dole Kalibu ya goya ta zuwa Gella ta shiga mota.

Suna fitowa Abbagana ya gan su. Ya turo kekensa har ƙofar gidan.

"Ɗauki wannan yau. Yana da kariya a baya, za ta zauna a kai da kyau. Ni ba inda za ni."

Akwai mutane biyu da suka fake a rumfar shagon suna kallo. Kalibu ya dube su, ya dubi keken.

"Tun kafin ka zo garin nan nake sauka gangaren nan."

Matarsa Liyatu ta leƙo daga zaure ta ce, "Ka karɓa mana, tunda ya ba ka."

"Koma ciki. Dibora, hau."

Da farko tafiya ta yi daidai. Da suka kai inda gangaren ya miƙe zuwa mayo, wato rafi, jan taɓo ya riga ya lulluɓe wilin. Kalibu ya ja birki, ya ji robar tana goga kawai. Ya ƙara matsewa har hannun birkin ya taɓa kan keken. Nauyin mutum biyu ne, gudu sai ƙaruwa yake. Mayo kuwa ya kawo ruwa.

Ya ce, "Riƙe ni da kyau," ya karkata kan keken cikin wata gonar masara. Suka daki kunya suka zube.

Shi ƙujewa kawai ya yi. Dibora ta faɗi a kan hannunta na dama. Da ta ɗago, ta dubi hannun ta ce, "Baba, ba ya motsi."

Abbagana bai natsu ba bayan tafiyarsu, don haka ya biyo su a hankali. Shi ya ɗora Dibora a kekensa, suka tura ta har Gella. A asibiti aka ce karaya ce a tsintsiyar hannu. Lissafi ya wuce ta, haka sauran darussan da suka rage. Sai wata shekarar.

Duk tsawon jinyar Abbagana yana zuwa dubiya, bai taɓa tayar da zancen birki ba. Kalibu ne ya same shi a shago wata safiya, ya tsaya ya kasa zama.

"Malam Abba, na san gaskiya ka faɗa. Tun a ƙofar gida na sani. Mutanen da ke rumfa ne ban so su ga na karɓa ba."

"Ya wuce, Baban Dibora. Allah ya ba ta lafiya."

Hannun Dibora ya warke. Ƙawayenta suka wuce makarantun gaba, ita ta zauna a gida tana sake bitar littattafan da ta riga ta gama. Ba ta taɓa yi wa babanta ƙorafi ba. Ya gaya wa Liyatu cewa da ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Darasi: Kowane kayan aiki yana da inda yake ƙarewa, kuma sanin hakan ba gazawa ba ne. Idan an miƙo maka taimako, kada idon mutane ya sa ka ƙi karɓa, domin sau da yawa ba kai za ka ɗauki wahalar girman kanka ba, wanda ke zaune a bayanka ne. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu goyon iyali a keke ko babur da damina.