Tallafin Da Bai Kai Gidan Safara'u Ba

Akwai wani dattijo a can bayan Tofa, Malam Abdussalam, tsohon hedimasta ne da ya yi ritaya. Duk yankin an san shi da riƙon amana. Ko allin makaranta bai taɓa kaiwa gida ba.

A shekarar da kwanon masara ya gagari talaka, damina ta zo da ƙarfi. Gidajen ƙasa suka riƙa zubewa, mutane suna kwana a azuzuwa da zaurukan maƙwabta. Sai gwamnati ta ware tallafi domin ƙungiyoyin da ke ba marasa muhalli wurin kwana. Aka kafa kwamitin rabo, aka ɗora Malam Abdussalam a kai, don kowa ya san ba zai ci ba.

Bai ci ba kuwa. Amma ya kafa sharaɗi: duk wanda ba shi da takardar rajista mai hatimi, kada ma ya zo.

Ranar karɓar takardu, wani Alhaji Mika'ilu ya zo da fayil mai kauri da hotunan gini mai sabon fenti a bakin titi, ga sunan ƙungiyarsa a jikin allo. Malam ya duba, ya gyaɗa kai.

Can sai wata mata ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ta shigo ta durƙusa. Safara'u ce mai ƙuli-ƙuli, wadda mijinta ya rasu ya bar mata gida mai ɗaki huɗu.

"Malam, ina wuni. An ce ana taimaka wa masu ajiye mutane."

"Lafiya lau. Mutum nawa ne a wurinki?"

"Goma sha ɗaya, ban da yara. Tsofaffi ne da waɗanda ɗakunansu suka faɗi. Ni ba kuɗi nake nema ba, Malam. Bangon ɗakin baya ne ya tsage, rufin ma yana yoyo. Ko siminti da kwano aka ba ni, ya isa."

"Ina takardarku ta rajista?"

"Wace takarda kuma? Mutum ya zo ruwa ya jiƙa shi, sai in ce ya shigo."

Wasu 'yan kwamitin suka yi dariya. Malam bai yi ba, amma ya rufe littafinsa.

"Baiwar Allah, ba a raba dukiyar gwamnati da baki. In na ba ki yau, gobe mutum ɗari za su zo da irin labarinki."

"To ka zo ka gani mana. Ba nisa, bayan gonar Liman ne."

"In sha Allah, in na samu sarari."

Bai samu ba, kuma gaskiya bai nema ba. A ransa ya riga ya sauke nauyi, tunda ya bi ƙa'ida. Kaso mafi tsoka ya tafi ga Alhaji Mika'ilu, sauran aka raba wa ƙungiyoyi biyu masu takardu.

Bayan sati uku aka yi kwana biyu ana ruwa ba ɗaukewa. Ranar Laraba da hantsi bangon ɗakin baya na gidan Safara'u ya zube. Sauran matan suna rumfa suna ɓarar gyaɗa, amma wata tsohuwa mai zazzaɓi tana kwance a ciki.

Malam yana masallaci bayan azahar aka yi sanarwar jana'iza. Sai ya ji an ce Hure mai ƙosai ce bango ya danne a gidan Safara'u. Hure ta yi shekara ashirin tana suya a ƙofar makarantarsa. Duk safiya ita ce take fara gaishe shi. Bai ma san ɗakinta ya rushe ba, balle ya san inda ta koma.

Da aka dawo daga maƙabarta, ya nufi gidan. Ya ga tabarmi a jere har cikin ɗakin girki, ya ga robobin tarar ruwa a tsakar ɗakuna. Ya ga Safara'u a zaune, yatsunta duk sun farfashe saboda tonon ƙasa.

Ya tsuguna a gabanta.

"Safara'u, ki yafe mini. Kin kira ni, ban zo ba."

"Haba Malam, kwananta ne ya ƙare. Jiya ma na ce ta dawo ɗakina, ta ce akwai mai jego a ciki, ba za ta takura mata ba."

Da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ya fita yana share hawaye da bakin babbar riga.

Washegari ya hau babur ya tafi ginin Alhaji Mika'ilu. Ya tarar da ƙaton kwaɗo a ƙofa. Ya leƙa ta taga, babu ko tabarma ɗaya, sai buhunan taki. Ya tambayi wani mai faci da ke gefe ko mutane na kwana a nan.

"Kwana? Baba, nan ai sito ne."

Malam ya rubuta rahoto, ya fara da laifin kansa kafin na kowa. Aka yi wata da watanni kafin a ƙwato wani abu daga hannun Alhajin. Shi dai bai jira ba. Ya sayar da babur ɗinsa, ya gina ɗakin da bulo, ya rufa shi da kwano. Da rabo na biyu ya zo, da ƙafa ya bi gida gida, kuma shi ya yi wa Safara'u zirga-zirgar rajista har ta samu.

Mutane suka yi ta yaba masa. Shi kuwa har ya koma ga Allah, duk wanda ya yi masa godiya sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ku dai yi wa Hure addu'a."

Darasi: Riƙon amana ba ƙin cin dukiyar jama'a kaɗai ba ne. Idan an ɗora maka rabon haƙƙin mabukata, ka taka ka je ka gani, domin mafi buƙata sau da yawa shi ne wanda ba shi da takarda. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu riƙe da amanar jama'a. Allah Ya jiƙan iyayenmu.