Ranar da Shaho Ya Yanki Katin Jam'iyya

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo, kunnuwanmu na nan.

Kaji suka kafa jam'iyya. Zakara ya hau turmi yana karanto manufofi: tsaba kyauta, makaranta ga kowane tsako, kuma an haramta Shaho.

Kaza mai 'ya'ya tara ta ce, "Ranka ya daɗe, shi Shahon an gaya masa?"

Sai ga Shaho ya sauko, wai manufofin sun burge shi, a ba shi kati.

Zakara ya ce, "Kun gani? Har manya na shigowa!" Nan take aka ba shi shugabancin tsaro, tunda ya fi kowa hange.

Kaza ta ga kowa na tafi, sai ta rangaɗa guɗa, kar a ce 'yar adawa ce. Da yamma 'ya'ya takwas ta mayar akurki.

Ƙurunƙus kan ɓera! Ba don kunya ba, da na gaya muku ni na fara tafin.